Filin Tambaya da Amsa: Awon Guba a Ƙuli-ƙuli da Wake, da Hannun da Ke Yin Awon

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan sun haɗu a kan abu ɗaya, wato ɗakin gwaji da na'urar da muke auna guba da ita a cikin abinci. Na zaɓi huɗu. Ta farkon ta ci fili da yawa, domin mai ita ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibar digiri na biyu ce. Bincikena a kan gubar afalatoksin ne a cikin ƙuli-ƙulin da ake sayarwa a kasuwannin garinmu. Waɗanda suka riga ni sun ce kada in wahalar da kaina, in daka samfuri in ƙulla a leda, in haɗa da kuɗi in aika wani ɗakin gwaji mai na'urar GC-MS, bayan mako biyu a turo mini sakamako ta waya. Wani malamina kuma ya ce in nemi horon wata uku in koyi aikin da hannuna. Ga aure, ga yara, ga tsadar rayuwa. Shin dole ne sai na je?
Daga wata ɗaliba, Katsina.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi wa malamin nan naki albarka, ki riƙe shi hannu bibbiyu. Kafin mu zo kan wata ukun, bari in fara tsare miki kuɗinki. GC-MS ba ita ce na'urar afalatoksin ba. Ita tana aiki ne da abin da ke zama tururi idan an ɗumama shi, irin su maganin ƙwari da man ƙamshi. Afalatoksin kuwa ba ta tashi da zafi cikin sauƙi, shi ya sa ma suyar ƙuli-ƙuli ba ta kawar da ita. Wadda ta dace da ita ita ce LC-MS/MS, mai karɓar samfuri a narke cikin ruwan sinadari. Da kin aika, da an turo miki takarda mai ɗauke da sunaye talatin ko arba'in, babu ko ɗaya da ya shafi tambayarki. Wanda bai taɓa tsayawa a gaban na'ura ba bai ma san wacce zai biya wa kuɗi ba.

Abin da kike nema ɗin kuma ba ƙaramin abu ba ne. Funfunar da ake kira Aspergillus flavus ce ke haifar da gubar, a gyaɗa da masara da barkono da sauran amfanin gona da suka sha fari a gona ko suka sha lema a rumbu. Duniya ta san ta ne a 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. A 2004 masara mai wannan guba ta kwantar da mutum 317 a gabashin Kenya, 125 suka rasu. Wannan shi ne kisan farat ɗaya. Wanda ya fi damuna shi ne na sannu-sannu, inda ake cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru har ya kai ga dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kin san yadda ya yi yawa a cikinmu.

Tarayyar Turai ta sa iyakar maikurogiram 4 a kowane kilo na gyaɗar da za a ci kai tsaye, Amurka kuma 20. Ki kwatanta 4 ɗin nan: giram huɗu ne, kimanin ƙwayar sukari guda, a cikin buhu 10,000 masu cin kilo ɗari-ɗari. Wannan shi ne abin da za ki farauto. Ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jin sa.

Na'urar sunanta mas-sifektiromita, mu a ɗakin gwaji "mas" kawai muke ce mata, kuma GC-MS da LC-MS/MS duk nau'o'inta ne. Sikeli ce ta ƙwayoyin sinadari waɗanda ko madubin likita ba ya nuna su. Francis Aston ya ƙera ɗaya daga cikin na farko-farkon irinta a Kambirij a 1919, amma sai da John Fenn ya gano dabarar fesa ruwa da wutar lantarki sannan ta zama abin auna abinci da jini yadda muke yi yau. Ya karɓi kyautar Nobel a kan haka a 2002 yana da shekara 85. Ga yadda take aiki. Ruwan samfuri yana fara bi ta wani siririn bututu cike da gari mai laushi. Ki ɗauka ayari ne ya shiga ƙunƙuntaccen lungu, mai sauri ya riga fita, mai nawa ya biyo baya, kowane sinadari da lokacin fitarsa. Daga nan sai a fesa shi ta bakin allura mai ɗauke da wuta ta dubban bolt, ɗigon ya bushe, ƙwayoyin su ɗauki caji. Sai su faɗa wani ɗaki da aka zuƙe iskarsa ƙaf, su bi ta tsakanin sanduna huɗu na ƙarfe masu aikin rariya, waɗanda ba sa barin kowa ya wuce sai mai nauyin da kika zaɓa. Afalatoksin B1, wato ɗaya daga cikin nau'o'in gubar, nauyinta 312, idan ta ɗauki caji ta zama 313. Wadda ta wuce sai a farfasa ta da iskar gas, a sake auna ɓaraguzan, a nemi 285 da 241. Shaidu uku ke nan: lokacin fita, nauyi, da ɓaraguzai. Sai sun haɗa baki sannan ki buɗe naki ki ce akwai guba.

Wannan bayanin za ki haddace shi a dare ɗaya. Abin da wata ukun zai ba ki daban ne, kuma mafi yawansa ba a gaban na'urar ake yin sa ba.

Daga kasuwa ake farawa. Hausawa sun ce wake ɗaya ke ɓata gari, kuma ban san wurin da maganar ta fi zama daram ba kamar nan. Gubar ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. Ƙwayar gyaɗa ɗaya tal tana iya ɗauke da abin da zai ɓata tiya guda, maƙwabtanta kuwa lafiya lau. Saboda haka ne ƙa'idar Turai ta ce a babban kaya a ɗiba daga wuri 100 daban-daban, a tara kilo 20, a niƙa, a gauraya, sannan a ɗebi na gwaji. Ke ba tirela za ki auna ba, amma hikimar ɗaya ce. Ki saya daga masu talla da yawa, daga saman tire da tsakiya da ƙasa, ki rubuta rana da kasuwa da ko damina ce ko rani. Idan kika ƙulla ƙuli-ƙuli uku daga hannun mace ɗaya kika ce kin auna garinku, to na'urar da ta fi kowace tsada a duniya ba za ta gyara miki wannan ba.

Sai hannu. Ɗalibin da ya zo wurina, makon farko ba ya taɓa kwamfutar na'ura. Ina ba shi fifet, wato abin zuƙar ruwa daidai gwargwado, da ruwa, da sikeli mai ƙofar gilashi. Ya zuƙi mililita ɗaya ya zuba, sikeli ya nuna kusan giram ɗaya. Ya maimaita sau goma ya rubuta. Ranar farko za ki ga lambobin sun watse kamar an jefa tsakuwa cikin garken kaji, wani ya danna da ƙarfi, wani ya karkata hannu, wani ya bar kumfa a baki. Zuwa rana ta huɗu sai ki ga sun fara matsowa kusa da juna, fuskar yaro ta canza, ya gane cewa a babban yatsansa gaskiyar sakamakon take. Ina son wannan lokacin fiye da ranar bikin yaye su.

Daga nan za ki koyi tatso gubar. A auna gari, a ce giram 25, a zuba metanol da ruwa, a girgiza, a tace, a raba shi da mai da datti, a sake tacewa da matacin da ramukansa ba su kai kaurin gashi ba ko kusa, a zuba a 'yar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa domin haske yana lalata afalatoksin. Sannan abubuwa uku da ba a yin ciniki a kansu. Na farko kwalbar fanko, wadda ta bi duk matakan amma babu samfuri a ciki. Idan ta nuna guba, to daga hannunki ko kayan aikinki ta fito. Na biyu kwalaben ma'auni, biyar ko shida, masu tsantsar gubar da kika san yawanta, daga kaɗan zuwa mai yawa, domin na'urar ba ta san maikurogiram ba, tsauni kawai take zanawa a fuskar kwamfuta, ke ce za ki fassara tsayinsa. Na uku ki ɗauki samfuri mai tsabta ki zuba masa guba da gangan, ki ga nawa za ki iya dawowa da shi. A ƙa'idar da aka fi bi, ana son tsakanin kashi 70 da 120 cikin ɗari. Idan kin zuba goma kika samo huɗu, hanyarki tana yoyo.

Ƙuli-ƙuli ma yana da nasa halin. Ga mai, ga gishiri, wani da yaji da citta. Waɗannan suna rige-rigen caji da gubar a bakin allurar fesawa, su danne ta, na'ura ta nuna miki uku alhali tara ne. Maganinsa shi ne ki haɗa kwalaben ma'auninki a cikin ruwan ƙuli-ƙuli mai tsabta, ba a cikin ruwan sinadari zalla ba. Wa zai yi miki wannan idan leda kika aika? Wa ma zai gaya miki ba a yi ba?

Bari in ba ki labarin kaina. Lokacin da nake nawa horon a wata jami'a a ƙasar waje, na shafe mako guda ina shirya samfurin masara. Ranar Alhamis da yamma na jera kwalabe arba'in, na bar na'ura ta kwana tana aiki. Da safe na tarar da wani ɗan ƙaramin tsauni a kwalbar fanko, daidai inda B1 ke fita. Ƙarami ne ƙwarai, raina ya ce in wuce shi. Shugabar ma'aikatan ɗakin, wata dattijuwa mai ƙarancin magana, ta tsaya a bayana ta dubi fuskar kwamfutar, ta sa na ɗauko littafin aikina muka bi shi layi-layi. A shafin Talata muka gano na zuƙi kwalbar ma'auni mafi ƙarfi, sannan na koma kwalbar metanol ban canza bakin fifet ba. Duk abin da ya sha daga kwalbar nan ya gurɓata. Ta tambaye ni ko na san masarar ta wane ne, da abin da zai same shi idan na rubuta cewa tana da guba alhali daga hannuna ta fito. Na zubar da aikin mako guda na sake daga farko. Da ban rubuta kowane motsi a littafin nan ba, da har yau ban san inda na yi kuskure ba.

Tambayar dattijuwar ta shige ni ne saboda da kuɗin ƙuli-ƙuli aka yi mini makarantar firamare. Ina tuna mahaifiyata zaune a kan tabarma da faifai a cinya, tana tsince gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yanƙwane tana warewa gefe. Ba ta san sunan gubar ba, amma abin da take yi shi ne abin da masana ke ba da shawara har gobe, domin tsincewa tana rage ta sosai. Matsalar ita ce inda tsintacciyar take zuwa: a sayar da ita da araha ga wata mai ƙuli-ƙulin, ko a zuba wa dabbobi, saniya ta ci, gubar ta fito a nono da sunan M1. Lambar da za ki rubuta a kundinki tana iya rufe sana'ar mace irin mahaifiyata ba da haƙƙinta ba, tana kuma iya wanke ƙuli-ƙulin da yara ke gutsura a hanyar islamiyya alhali yana cin hantarsu. Duka biyun alhaki ne.

Na sha zama a kwamitin duba kundi in ga ɗalibi ya kwafo jerin sunaye daga takardar GC-MS ya ce ya gano su a ganyen magani. Na'urar tana kwatanta ɓaraguzai ne da rumbun bayanan da hukumar NIST ta Amurka ta tara, ta kawo wanda ya fi kama. Kama da wane ba ta wane. Sau nawa na ga sinadarin fitalet, wanda ake sa wa roba, mai alamar ɓaragujin nauyi 149, an rubuta shi a matsayin sinadarin ganye, alhali daga ledar da aka ƙulla samfurin ya fito. Masu alamar 207 da 281 kuwa yawanci daga jikin bututun na'urar suke zubowa. Ba na ganin laifin yaran, ba wanda ya nuna musu.

To, ki je. Ki zauna da maigida ki karanta masa wannan amsar. Idan wata uku a jere ba zai yiwu ba, ki roƙi malaminki a raba shi, mako shida na shirya samfuri, wanda za ki iya yin mafi yawansa a jami'arku, mako shida a inda na'urar take. Ki kuma sa sharaɗi tun a takardar neman izini cewa ke za ki haɗa kwalaben ma'auni, ke za ki jera su, kuma za a ba ki ainihin zanen da na'ura ta fitar, ba taƙaitaccen tebur ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwar wake ne a Dawanau. Mun daɗe muna jin Turawa sun hana wakenmu shiga ƙasashensu wai saboda magani. Ni dai ina ganin hassada ce da neman karya mana farashi. Yarona yana karatun kimiyya a jami'a, na tambaye shi ya ce a allo kawai aka zana musu na'urar. Gaskiya tana iya ganin magani a waken da ya yi wata biyar a sito?
Daga wani Alhaji, Kano.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tana gani, ranka ya daɗe, kuma ba na so in ɓoye maka. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, aka kuma tsawaita dakatarwar a 2016. Dalili shi ne sinadarin daikulobos, wanda ke cikin Sniper da abin da muke kira fiya-fiya. Iyakarsu miligiram 0.01 ce a kilo, abin da aka riƙa samu a wakenmu kuwa ya kama daga 0.03 har zuwa 4.6. Na ƙarshen nan ya ninka iyakar sau 460.

Wannan aikin GC-MS ne, domin daikulobos yana zama tururi. Akwai hanyar da wasu masana biyu, Anastassiades da Lehotay, suka fitar tare da abokan aikinsu a 2003, wadda yanzu kusan kowane ɗakin gwaji ke bi. A niƙa wake a jiƙa shi, a zuba asetonaitiril, a ƙara gishiri iri biyu, a girgiza minti ɗaya, a juya a injin wulwulawa, ruwan da ke sama ya rabu da na ƙasa. Ɗigon da bai kai kan allura ba ake tura wa na'ura, iskar hiliyom ta ɗauke shi ta bututu mai tsawon mita 30 da aka naɗe kamar gammo. Idan maganin yana nan, ɓaraguzansa masu nauyin 109 da 185 za su fito a lokacin da aka san yana fita. Ba ruwan na'urar da ƙasar da wake ya fito.

Ba mu kaɗai ta taɓa kamawa ba. A 2008 a ƙasar Sin an zuba sinadarin melamin a madarar jarirai domin ya yaudari tsohon gwajin da ake auna furotin da shi. Jarirai kusan 300,000 suka kamu, shida suka rasu. Irin wannan na'urar ce ke iya bambance melamin da furotin na gaskiya.

Abin da ke ci mini rai, Alhaji, ba kasuwar Turai ba ce. Waken da suka ƙi karɓa bai ɓace ba, mu muka ci shi a ƙosai da alale da garau-garau. Na san ƙwari ba sa jira, na san mutum ya zuba jarinsa ba zai zuba ido ya ga ya zama gari ba. Amma akwai buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fitar tare da masu bincike na Afirka, leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. Idan wake ya bushe sarai aka ɗaure kowace leda tam, iska ta ƙare, ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Ka gwada a buhu ashirin bana, ka buɗe da bazara ka gani da idonka.

Maganar yaronka kuwa, a nan kuke da ƙarfin da ba ku sani ba. Ƙungiyarku ta 'yan kasuwa tana iya zuwa jami'a ta ce ga wakenmu, ga kuɗin sinadarai, a auna mana duk wata, da sharaɗin ɗalibai ne za su yi aikin a ƙarƙashin malamansu. Ku sami takardar da za ku nuna wa mai saye, yaranku su sami hannu. Kuɗin sinadarai da gas shi ne ke sa a kulle ɗakunan gwaji da yawa, ba rowa ba.

TAMBAYA: 'Yata za ta fara irin wannan horon, tana dawowa da warin sinadari a hijabinta tun daga na share fage. Hankalin mahaifiyarta ya tashi. Babu cutarwa?
Daga wani uba, Gusau.

AMSA: Yallaɓai, damuwar mahaifiyarta tana kan hanya. Na'urar kanta a rufe take, ba ta fitar da wani haske mai cutarwa. Haɗarin yana wurin ruwan sinadarai da tsantsar gubar. Metanol yana makantarwa idan ya shiga ciki, asetonaitiril guba ne, afalatoksin kuwa hukumar binciken daji ta duniya ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Idan wari yana bin ta har gida, alama ce ana buɗe kwalabe a kan tebur maimakon cikin akwatin da ke zuƙe tururi, kuma tana da haƙƙin ta yi magana.

Ka saya mata farar riga mai dogon hannu, da tabarau na kariya, da safar hannu ta naitiril, da takalmi rufaffe. Ta ware ƙaramin hijabi na auduga wanda za ta cusa cikin rigar, ta bar shi a can, kada ya zo gida ya haɗu da wankin yara. Ba ci ba sha a ɗakin, ko da ruwan leda ne. Duk kwalbar da ta taɓa afalatoksin a jiƙa ta a ruwan bilic kafin a wanke, domin yana lalata gubar. Idan tana da aure kuma ta sami juna biyu, ta sanar da mai kula da ita da wuri ba tare da kunya ba, a ɗauke mata aikin haɗa tsantsar guba. Na yi wa ɗalibaina da dama haka, kuma sun gama lafiya.

Tunda daga Zamfara kake, ka san abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400, bayan an riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje har ƙurarsa ta shiga ƙasa da abinci. Wata 'yar'uwar wannan na'urar, ICP-MS, tana auna dalma a jini da hatsi da ruwa. Ina fatan 'yarka ta zama cikin masu riƙe ta.

TAMBAYA: Malam, a sashenmu babu wannan na'ura, wuta ma ba ta zama. In haƙura da fannin ke nan?
Daga wani ɗalibi, Maraɗi.

AMSA: Ɗana, kada ka haƙura. Gaskiya ne na'urar ba ta shiri da ɗaukewar wuta. A cikinta akwai famfon zuƙe iska mai juyawa sau dubbai a minti ɗaya, dare da rana. Idan wuta ta yanke ba shiri iska ta koma ciki, sai an shafe sa'o'i, wani lokaci kwana guda, kafin ta dawo daidai, in ma ba a yi rashin sa'a wani abu ya ƙone ba. Abin da muke fara dubawa bayan haka shi ne nauyin 18 da 28 da 32, wato ruwa da naitirojin da oksijin. In sun yi sama, akwai inda iska ke shiga. Shi ya sa nake gaya wa shugabannin jami'o'i cewa wanda zai sayi mas ya fara sayen batura da sola da na'urar sanyaya ɗaki, ya kuma horar da ma'aikacin da zai zauna da ita. Na ga wadda ta shekara a cikin akwatin da ta zo, ledarta ma ba a cire ba, raina ya ɓaci ƙwarai.

Amma ka koma ka karanta amsar da na ba 'yar'uwarka ta Katsina. Ɗibar samfuri, awo, fifet, tatsa, fanko, ma'auni, littafin aiki, babu wanda ke bukatar na'urar miliyoyi. Afalatoksin tana ƙyalli a ƙarƙashin fitilar ultirabayolet, wata shuɗi wata kore, daga nan ma sunayen B da G suka samo asali. Da farantin TLC, wato faranti mai shafen gari da ke rarrabe sinadarai, da fitilar nan kana iya ganin ta da idonka. Akwai kuma tsinken gwaji mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, mai ba da amsa cikin mintoci. Ka tace samfuri ɗari da waɗannan, ka ware goma sha biyar da suka fi ba ka shakka, su ne za ka ɗauka ka tafi da su inda mas take.

Wuraren da za ka rubuta wa: cibiyar nazarin gubar funfuna da lafiyar abinci da ke Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa domin ɗaliban yankin Afirka ta Yamma ba na Najeriya kaɗai ba, cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan, inda aka samar da Aflasafe, dawar nan mai launin shuɗi da ake watsawa a gona mako biyu zuwa uku kafin fure domin funfuna marar guba ta kori mai guba, da ɗakunan gwajin NAFDAC na Kaduna da Oshodi. A gida kuma ka fara da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke nan Maraɗi, ka nemi masu aikin adana amfanin gona su haɗa ka da abokan hulɗarsu.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya, malaminka ya sa hannu. Kada ka rubuta cewa kana sha'awar koyon na'ura, kowa haka yake rubutawa. Ka faɗi amfanin gonar da kake bincike a kai, kasuwannin da ka ɗebo, yawan samfurin da ka riga ka tace da hanyar da ka bi, da makonnin da kake nema. Ka haɗa da hoton shafi biyu na littafin aikinka, ɗaya daga ciki ya zama na awon fifet sau goma.